Baƙin Duniyar Wata da Rawayata

Shekarun baya, mu huɗu ne masu fentin jiragen ruwa tsakanin Lolo da Kaoje. Kowa da masuntansa, babu mai shiga gonar wani. Sai babbanmu ya tsallaka Benin ya dawo da wani baƙin fenti da ban taɓa ganin irinsa ba. In aka shafa wa jirgi, ko ƙyalli ba ya yi, sai ka rantse rami ne a kan ruwa. Ya kuma ƙulla da ɗan kasuwar da ke kawo shi cewa a ɓangarenmu shi kaɗai za a sayar wa.

Na je da ladabina na roƙi ko gwangwani ɗaya. Ya dube ni ya ce, "Ƙanena, wanga hwenti nau na ni ɗai. Da shi aka shafe jirgin da ka zuwa duniyar wata, don kada mutanen can su gane shi." Ni da ko Legas ban taɓa zuwa ba, ina zan yi gardamar wata? Na dawo ina huci.

Masunta suka yi ca a kansa. Rumfata ta koma wurin barcin awaki, har na fara tunanin komawa noman shinkafa.

Haushi ne ya kai ni daji na tono saiwar rawaya, wadda mahaifiyata ke rina zane da ita. Na daka, na tace, na yi ta gwada haɗi da man katako. Na ɓata riguna, hannuwana suka yi kamar na mai ciwon shawara, kafin na samu wadda ruwa ba ya wanke ta da wuri. Ranar kasuwar Lolo na tara sauran biyun na koya musu kyauta, da sharaɗin kada mai baƙin fenti ya ji ko ƙamshinta.

Ashe mata masu bandar kifi sun gaji. Daga gaɓa suke gane jirgin mai kawo musu kifi da launin goshinsa, su tare shi da kwano. Yanzu duk jirage sun zama baƙaƙe, sai su yi ta gudu zuwa na wani. Su suka tasa masunta gaba har rumfunanmu, a shafa wa goshin jiragensu rawaya, kowa da irin zanensa.

Wata safiya sai ga babban namu, yana sosa ƙeya. Ya ce, "Ƙanena, 'yan wata sun gaza, a taimaka ma na ƙasa." Na so in ja masa rai, wallahi na so. Amma girmansa ya hana ni, na zaunar da shi na nuna masa haɗin tun daga saiwa.

Har yau in na tsaya bakin kogi na ga goshin jirage suna tahowa rawaya, kaina kumbura yake yi. Babu wanda ya san hannun wa ya shafa wanne, amma duk daga turmina suka fito.