Wanda Mato Ya Ba Igiya

Tsakanin Kahu da Fammar, da wuya ka sha ruwan rijiya ba ka sha gumin Mato ba. Haƙar rijiya ya gada wurin ubansa, kuma tun bai yi gemu ba yake shiga ƙarƙashin ƙasa da dagi, ya fito da laka har cikin kunne. Gajere ne mai faɗin ƙirji, ga saurin fushi, ga murya. Ya saba magana daga ƙasan rami, saboda haka ko gaisuwa yake yi sai ka ɗauka faɗa ne. Matarsa Hansatu takan ce ba ta taɓa jin wani sirri daga bakinsa ba wanda maƙwabta ba su ji tare da ita ba.

Ba ƙarfi Mato yake taƙama da shi ba. Mai haƙar rijiya yana cikin 'yan tsirarun mazan da ake buɗe wa cikin gida. Zai wuce zaure, ya wuce inda abokin maigida ma yake tsayawa, ya yini a tsakar gida tsakanin tukwane da shanya da awaki, maigida kuwa yana kasuwa hankalinsa kwance. Ranar da aka daina yarda da kai, ranar sana'arka ta mutu, komai gwanintarka. Mato ya yi shekara da shekaru yana shiga gidajen mutane, ko cokali ba a taɓa nema an rasa ba.

Akwai abu ɗaya da ba a tayar masa da shi, wato zancen ƙaninsa Gali. Tun zamanin soja aka ɗaure Gali saboda faɗa a kasuwa. Ya shiga gidan yari yana manomi mai zafin zuciya, ya fito ya iya buɗe kwaɗo da waya, ya iya shaye-shaye, ya manta riƙon fartanya. Bai sake zama a gida ba. A wani gari ya rasu, sai labari aka kawo. Shi ya sa da aka dawo da Shari'a, Mato ya yi murna kamar kowa, amma in ya ji samari a majalisa ba su da hira sai ta bulala da ɗauri, yakan daka musu tsawa: "To bayan bulalar fa? Me zai ci? Gidan wa zai shiga?" Sai su yi shiru har ya wuce, sannan su ce tsohon nan ƙasa ta shiga kansa.

Wani rani aka kira shi yasar wata tsohuwar rijiya da ta ƙafe a bakin fadama. Da ya sauka, sai ya tarar da injin ban-ruwa a naɗe cikin buhu, wanda mai shi ya gaji da cigiya. Bincike ya kai ga Haliru, wani magidanci mai mata da ɗa, wanda ya taɓa zaman gidan yari kan satar akuya, ya fito ba wanda zai ba shi ko ƙwadago. Aka kira Mato gaban alƙali, ya faɗi abin da ya gani, bai rage komai ba.

Alƙali ya yi bayani cewa a fili aka ɗauki injin, ba a ma'ajiya ba, don haka babu haddi, hukunci yana ga abin da ya ga ya dace. Kowa ya san inda maganar ta dosa, gidan yari ne karo na biyu. Sai ga Mato ya sake miƙewa ba a kira shi ba.

"Allah ya gafarta Malam, ina da tambaya. Da wace igiya ya sauka?"

Haliru, kansa a ƙasa, ya ce ba igiya. Goya injin ya yi da rawani, ya bi tsofaffin ramukan taka ƙafa da ke jikin bango.

"Allah ya gafarta Malam," in ji Mato, muryarsa har waje, "rijiyar nan ni da igiya na shige ta, ina addu'a. Asara ce a kai wannan ƙafa gidan yari. A ba ni shi in koya masa aiki."

Kotu ta fashe da dariya. Alƙali bai yi ba. Ya tambayi mai inji, wanda kayansa ya dawo lafiya, ya ce shi ya bar wa Allah. Alƙali ya yi wa Haliru faɗa mai zafi, sannan ya danƙa shi a hannun Mato amana, da sharaɗin ya koyi sana'a, ya riƙa ɗaukar karatu bayan sallar asuba. In kuwa ya sake, su biyun za su dawo gabansa.

Mato ya koma gida yana jin kansa, bai san abin da ya jawo wa kansa ba. Gida na farko da suka je aiki na Alhaji Muntari ne a Kibiya. Alhaji ya tare su a ƙofa.

"Mato, kai ka shiga. Wannan kuwa ko a zaurena ban yarda ya zauna ba."

"Alhaji, tare muka zo, tare za mu shiga."

"To ku koma tare."

Suka koma. Labari ya riga su zuwa kowane ƙauye. Rani shi ne lokacin mai haƙar rijiya, ga shi yana wucewa ba wanda ya aiko, ga kuma 'yan siyasa sun fara dasa burtsatse a bakin hanya. Masu kunya sukan ce sun fasa aikin sai baɗi, marasa kunya su ce in zai zo shi kaɗai bismilla. Mato ya ƙi. Ya koma koya wa Haliru riƙon dagi a ramin masai da ramin yin bulo, aikin da a da ko kallonsa ba ya yi. Hansatu ta leƙa rumbu, ta dawo ta ce, "Malam, sunan da ubanka ya bar maka za ka binne saboda ɗan wani?"  Gaskiya ta faɗa, shi ma ya sani, kuma abin yana cin sa.

Haliru da kansa ya same shi wata rana ya durƙusa. "Baba, ka mai da ni wurin alƙali. Na saba da can."

"Ka saba da can! Abin da nake gudu ke nan, sakarai. Tashi ka wasa dagin nan."

Wadda ta buɗe musu ƙofa wata tsohuwa ce a Fammar, Iya Barira, da bangon rijiyarta ya zube daga ciki. Da aka ja mata kunne, sai ta ce me zai sata a gidanta, tsufa? Ranar aikin, mutane suka cika kan katanga da bakin zaure, wai sun zo taya Iya tsaron kaya. Ƙarya suke yi, kallo ya kawo su.

A sana'ar su Mato, ba kowa ake ba igiya ba. Wanda ke cikin rijiya ransa yana hannun na sama, don haka ɗa ake ba, ko ɗan'uwa na jini, kuma duk ƙasar an san babban ɗansa Amiru ne mai riƙe wa Mato. Rijiyar Iya kuwa ramukan taka ƙafarta sun tafi tare da bangon, sai dai mutum ya yi ta reto a jikin igiya har ya gama gyara. Mato ya ɗaura igiya a ƙugu, ya zare ɗaya bakin daga hannun Amiru, ya sa a hannun Haliru.

Amiru ya matso ya rage murya. "Baba, kai fa ka ba da shaida a kansa."

"Na sani! Ina wurin!" in ji Mato, yadda har na kan katanga suka ji.

Kada wani ya ce maka bai ji tsoro ba. Ya ji. Da ya zura ƙafa ya ga hasken sama yana ƙanƙancewa, sai ya tuna bai san komai game da zuciyar mutumin nan ba, ƙafarsa kawai ya sani. Ya yi bismilla ya ci gaba da sauka.

Haliru ya naɗa igiyar a bayansa, ya tokare ƙafafu da gungumen da aka gitta a bakin rijiya. Rana ta take. Mato yana ƙasa yana ihu a sassauta, a ja, a tsaya, yana haɗawa da zagi kamar yadda ya saba. Tafin hannun Haliru ya sale, igiya ta fara yin ja da jini. Amiru ya miƙa hannu zai karɓe shi, Haliru ya girgiza kai, bai ko kalle shi ba. "Ni aka ba," in ji shi.

Bayan azahar aka jawo Mato, laka tun daga kai har ƙafa. Ya dubi hannun Haliru, ya daɗe yana duba, amma godiya ba ta cikin kayan aikinsa. "Kana saurin sakin igiya, gobe ka gyara," ya ce. Sannan ya juya ga 'yan kan katanga. "Ni raina na ba shi, ga ni. Ku kuma ku je ku duba cokulanku."

Ba a rana ɗaya ƙofofi suka buɗe ba, wasu ma ba su taɓa buɗewa ba. Alhaji Muntari har ya koma ga Allah bai sake kiran Mato ba. Amma aiki ya dawo kaɗan-kaɗan, kuma alƙalin ya riƙa turo masa wasu, wannan mai sata, wancan mai faɗa. Waɗansu sun zauna sun yi sana'a. Ɗaya ya gudu da diga da shebur, Mato ya je ya tsaya gaban alƙali yana zufa, ya sha kunya, ya dawo gida Hansatu ta ƙara masa. Da aka sake turo wani, ya karɓa.

Tsufa ya zo ta gwiwa. Mato ya daina sauka, Amiru ya koma harkar albasa, kayan aiki suka koma hannun Haliru. Wata rana zaman gida ya ishi tsohon, ya ce sai an ɗauke shi a babur zuwa Dawaki ya ga rijiyar da ake haƙa. Da suka isa, Haliru ya yi sallama, mata daga ciki suka amsa, "Malam Haliru ne, a shigo." Ya wuce da kayansa ba tare da ya waiwaya ba, don bai taɓa zaton akwai gidan da zai tare Mato ba. Mato ya dogara sanda zai bi shi, sai maigidan, wani matashi da bai san shi ba, ya sha gabansa cikin ladabi.

"Baba, yi haƙuri, ka huta a nan zaure. Iyali na ciki. Malam Haliru kaɗai muka yarda ya shiga."

Mato ya cika ƙirji da iska. Ya buɗe baki zai gaya wa yaron nan ko shi wane ne, da wanda ya haƙa rijiyar da ubansa ya sha, da muryar da za a ji har Rano. Sai kuma ya fasa. Ya sake juya abin da aka gaya masa a ransa, wani daɗi ya taso masa wanda bai taɓa jin irinsa ba, har idonsa ya kawo ruwa.

"Ka yi daidai, ɗana," ya ce a hankali. "Ba kowa ake bari ya shiga gida ba."

Ya zauna a kan tabarmar da aka shimfiɗa masa, ya jingina sandarsa da bango. Can ciki ya ji dagi ya fara cin ƙasa.