Ambulan ɗin Bai Grozdan

Shugabannin kulob ɗin ces, wato darar Turawa, na garinmu sun kwashe 'ya'yan wasan Nedyalko Parvanov daga tebur, suka kulle ambulan ɗin malaminsa a durowa, suka rubuta wai shi ya ci. Ba su tambaye shi ba.

Nedyalko tsohon mai ɗaga tutar jirgin ƙasa ne, shekararsa saba'in da huɗu. A hannun Bai Grozdan mai gyaran takalmi ya koyi ces ("Bai" laƙabin girmama dattijo ne a wajenmu), kuma shekara talatin yana zama gabansa bai taɓa cin sa ba. Wata Alhamis wasansu ya yi tsawo, aka ɗage shi yadda aka saba: Grozdan ya rubuta tafiyarsa a ɓoye, ya sa a ambulan, aka tsayar da agogo. Yana lasar bakin ambulan ɗin ya ce, "Je ka yi ta kallo, ɗan jirgi. Abin da ke ciki ba za ka gan shi ba."

Kwana biyu bayan haka aka manna takardar rasuwar Grozdan a ƙofar kulob.

Ba a buɗe irin wannan ambulan sai 'yan wasan biyu sun zauna, saboda haka ba a buɗe ba. Shekara goma sha tara teburin na lungu, ba mai taɓawa. Kowace Alhamis Nedyalko zai zo da kofi biyu, ya ajiye ɗaya a gefen da ba kowa, ya yi tagumi yana neman tafiyar nan.

Sai aka yi sabon shugaba, wani Kaloyan, mai yawo da kwamfuta a hammata. Ya zuba mata wasan, kafin kofi ya huce ta ba da amsa.

"Bai Nedyalko, albishirinka," in ji shi. "Malaminka ya mutu sau biyu. Duk inda ya bi, ka cinye shi."

"Ita ta san Grozdan?"

"Ta fi Grozdan dubu."

"To ta faɗa mini abin da ya rubuta."

"Me za ka yi da shi, Baba? Ko me ya rubuta, shirme ne. Karɓi cinka ka je ka huta."

Aka yi dariya, aka tattara 'ya'yan a akwati.

Litinin da safe Radka mai shara ta buɗe ƙofa ta tarar da su jere a teburin, kowanne a gidansa, kujerar Grozdan an ja ta baya kaɗan. Kaloyan ya ce aikin tsohon ne, ya sauya makulli. Litinin ta gaba ma haka. Wannan karon agogon wasan mai fuska biyu na ƙarar tafiya, kuma ɓangaren Nedyalko ne ke tafiya. Duk ɗan ces ya san ma'anar haka: abokin wasa ya yi tafiyarsa, ya danna, yana jira.

Agogon ba ya sauri. Minti ɗaya yake ci a mako, kuma wanda lokacinsa ya ƙare bai amsa ba ya faɗi wasan. Radka ta ce ba wanda ke ɗaure shi, ita kam ta daina share lungun.

Nedyalko yana zuwa har yanzu. Ya zauna, ya miƙa hannu, ya janye, don bai san me zai amsa ba. Kwat ɗinsa ta yi masa yawa. Banitsa, burodin cuku da 'yarsa ke kai masa a takarda take bushewa. Da aka ce ya ga likita, cewa ya yi, "Malam na jirana, ba a barin babba yana jira."

Wataƙila kwamfutar gaskiya ta faɗa, ni ban iya ces ba. Amma ba ita ta zauna a kujerar nan shekara goma sha tara ba.

Kaloyan, da kai da 'yan kwamitinka, minti shida ya rage a agogon nan. Ku goge cin da kuka rubuta, ku fito da ambulan ɗin ranar Alhamis, ku buɗe a kan teburin, ku bar mutumin nan ya amsa wa malaminsa.