Inna Mai Zif

Inna ƙanwar mahaifiyata ce, tela ce, shagonta ɗan tsugul ne: keke ɗaya, benci ɗaya, da rediyon da sai an mare shi yake magana. Matan unguwa suna ce mata Mai Zif, don in dai da goyo kika shigo, sai ta saka miki zif a ƙarƙashin ƙirjin riga, ko kin ce ko ba ki ce ba. Ta rufe shi da tattara, ko ƙyallinsa ba a gani. Ki yi faɗanki ki gama, ita tana taka kekenta tana murmushi.

Ni ma ban tsira ba. 'Yata tana wata uku hutuna na haihuwa ya ƙare, na yanke shawarar yaye ta, na ma sayo madarar gwangwani. Na kai wa Inna yadi kala uku na kayan ofis, na ja mata kunne: "Inna, don Allah ban da zif ɗin nan naki."

"To, ranki ya daɗe," in ji ta.

Ranar karɓa na juya rigunan. Duka ukun da zif! Wallahi raina ya ɓaci, na ce ai jikina ne, kuma ba wanda zai je mini aiki.

Ta tsayar da keke. "Zauna, 'yar nan. Likitan da ya duba uwarki na tambaya da bakina. Ya ce shayarwa tana rage haɗarin sankarar mama, har da ta ƙwan mace, kuma gwargwadon daɗewa gwargwadon raguwa. Ba laya ba ce, uwarki ta shayar da ku kuma ta kama ta. Amma in ragi ne, ko kaɗan ne ina so."

Na zauna a kan bencin.

"Bayan an cire mata mama ɗaya, ni na ɗinka mata riguna. Soso nake cusawa a gefen hagu don kada a gane. Ina ɗinki ina kuka, allura tana sukata. Ke da ita awonku ɗaya, kin sani?"

Ban sani ba.

Yanzu kullum sha biyu da rabi tana rufe shago, ta goyo 'yar tawa har ofis, tana haki tana zagin matakala. In na shiga shayar da ita, sai Inna ta tsaya a ƙofar ɗakin fayil, ta ba mu baya, ta hana kowa shiga, har manaja.