Yajin Mastura da Sunan Hausawi

Duk wanda ya ci tsire a unguwar Sa'alaba ta Jidda ya san yajin Mastura, ko da bai san fuskarta ba. Maƙwabciyata ce, kuma mace ce da ba a ja da ita. Ita ke daka yajin da ɗanta Nayef yake barbaɗa wa nama, amma ko shi bai san abin da take zubawa a turmi ba.

Sunan gidansu Hausawi. Kakanta Muntaka ne ya taso daga ƙasar Katsina a ƙafa, yana tafe yana ƙodago a gonakin Sudan har ya haye teku. Da ya sauke farali bai koma ba, ya kama ga-ruwa a Jidda. Mutanen gari ba su damu da riƙe sunansa ba, sai dai "Ya Hausawi, kawo ruwa!", wato kai Bahaushe. Shi kuwa ya amsa, ya riƙe, har ya zama sunan zuriya. Mastura ɗan baffanta ta aura, don haka ta ko'ina sunan nata ne.

Bara Nayef ya buɗe sabon shago a Safa, unguwar masu motoci. Aka ɗaga allo mai fitila, babu Hausawi a jiki. Ranar da ta gani ta dawo gida ta kife turminta.

"Ya Ummi, kasuwa ce kawai," in ji shi. "Mutanen can in suka ga sunan..."

"Halas, magana ta ƙare. Wanda ke jin kunyar sunan bai cin yajin masu sunan."

Ya sayo na kanti. Ni kaina na ɗanɗana, wallahi kamar an barbaɗa jar ƙasa. Masu saye suka fara tambaya ko an canza mai gashi. Na tausaya wa yaron, na je ba ta baki, ta ce in sha shayina in bar maganar da ba tawa ba.

Da ya ga uwar bari, ya dawo da waya a hannu, yana nuna mata hoton allon. An ƙara Hausawi can ƙasa, ƙanana kamar tururuwa. Matar da ke zura zare a allura ba tabarau ta ƙura wa hoton ido.

"Ban ga komai ba."

"Ga shi nan, Ummi!"

"Muntaka daga ƙarshen layi ake ƙwala masa sunan nan, kowa na ji, yana ɗauke da ruwan da suke sha. Bai ɓuya ba. Kai da ke cikin sanyin na'ura ne za ka rage masa girma?"

Nayef ya sunkuyar da kai, ya koma wurin mai rubuta allo.

Yanzu daga tsallaken titi ake karanta sunan, cikin jan haske. Ranar da aka ɗaga sabon allon ta sa ya kai ta, ta tsaya can nesa ta karanta da ƙarfi, har masu wucewa suka waiwayo. Sannan ta ce, "Yalla, mai da ni gida, turmi na jira."