Rigunan Shan Kashi

A ƙarshen shekarun casa'in, mu 'yan Kano masu sarin kaya a birnin Guangzhou na Caina muka kafa ƙungiyar ƙwallo, muna karawa da 'yan zangon Ghana duk Lahadi. Kyaftin ɗinmu, wani Alhaji mai tumbi, ya samo mana riguna a kasuwar titin Liuhua Lu, farare masu ratsi, da maɓallai har ƙasa kamar za mu ɗaurin aure.

Wani tsoho ɗan Caina da ya taɓa zama a Amurka ya gan mu, ya yi ta dariya. Ya ce rigunan besbol ne, wasan dukan ƙwallo da kulki, kuma an kwaikwayi na wata ƙungiyar Turawan Amurka ce da ta shekara tana shan kashi kafin Yaƙin Duniya na Biyu.

Alhaji ya ce, "Camfi ne, samari. Riga ba ta buga ƙwallo."

Gaskiyarsa, mu ma ba mu buga ba. Golanmu ya fi kowa motsa jiki, wajen ɗauko ƙwallo daga raga.

Bambancinmu da Turawan nan ɗaya ne. Su sana'arsu ce, ana biyan su. Mu saboda Allah muka sha namu kashin.