Furar da Muka Kai wa Masu Haƙa

Bayan katangar gidana a Tasawa akwai wani fili, rijiyar unguwarmu tana bakinsa. Ruwanta muke sha duk ranar da famfo ya ɗauke, kuma yakan ɗauke. Wata safiya bayan girbi sai ga kamiyo, babbar motar kaya, da ma'aikata, suka fara haƙa a filin. Wani ya ce foraj, wato rijiyar burtsatse, za a yi mana. Babu wanda ya tambaye shi inda ya ji. Unguwa ta ɗauki murna, mata har da guɗa.

A wajenmu mai haƙar ruwa ba ya cin abincin gidansu, unguwa ke ciyar da shi. Sai aka raba kwana: yau gidana, gobe gidan liman. Matata ta dama fura da nono mai kauri, ni da kaina na ɗauki ƙwaryar. Ma'aikatan suka sha, suka yi godiya. Kwana huɗu muna haka.

A rana ta biyar maƙwabcina ya dawo daga Korgom. Tsoho ne, haƙar rijiya ya yi duk ƙuruciyarsa. Ya tsaya bakin ramin, ya dube shi, ya dube ni.

"Kai, wa ya ce maku ruwa ake nema nan?"

"Kowa ma, Baba."

"Mai neman ruwa ƙasa yake yi. Wanga faɗi yake, kamar za a binne raƙumi. Je ka tambaya."

Na tambayi shugaban ma'aikatan. Ya ce tankin esans, wato fetur, za a binne, wani alhaji zai buɗe gidan mai. Na auna da ƙafata daga ramin zuwa rijiya, taku goma sha ɗaya. Ƙasarmu kuwa rairayi ce, duk abin da ya zuba a kanta sai ya sauka.

Bayan la'asar muka taru ƙofar masallaci, kowa na magana lokaci guda. Malamin da ke koya mana karatun manya ya rubuta takardar koke zuwa ga magajin gari da Faransanci. Ni aka ba bin gida-gida ina rubuta sunayen masu gida. Hannuna ba shi da sauri, amma babu wanda ya gaggauta ni, kowa so yake ya ga sunansa ya fito.

Washegari muka nufi mairi, ofishin magajin gari, wasu a ƙasa, wasu a amalanke, wasu a kabu-kabu. Ban taɓa ganin unguwarmu ta fita haka ba sai ranar idi. Ina tafe ina jin ƙafafuna kamar na saurayi. Magajin gari ya sa aka kira alhajin, ya zo da takardun filinsa.

"Ranka ya daɗe," in ji alhaji, "mutanen nan sun yarda. Kwana huɗu suna kai wa ma'aikatana fura da tuwo. Wanda bai son aiki yana ciyar da masu yin sa?"

Gaskiya ne kuwa, mun kai. Sai wata dattijuwa mai tuyar ƙosai a layinmu ta matso gaba.

"Alhaji, ɗana, furar ta masu ruwa ce. In mai za ka ba mu, ka sa su dawo mana da ita, da nononta."

Wurin ya kwashe da dariya, har alhajin. Magajin gari ya ce a je a gani.

Da muka isa, Baba ya jefa guga ya jawo ruwa, ya miƙa wa magajin gari.

"Ranka ya daɗe, sha tukuna, sannan ka taka."

Ya sha, ya taka daga rijiya zuwa rami, muna bin sa muna ƙirgawa da ƙarfi. Alhaji ma ya karɓi gugan ya kurɓa. Ya ce shi an gaya masa rijiyar ta daɗe da mutuwa. Nan take aka tsai da aikin. Daga baya ya kai tankinsa bakin hanya, can wajen gari.

Ramin mu muka cike shi da gayya, da makaɗi da komai. Baba bai taɓa shebur ba. Ya zauna bakin rijiya yana ce mana mu danne ƙasar sosai, kada damina ta zo wurin ya zama tafki.