Furen da Kaka Ta Mayar Kan Dutse

Jiya wata maƙwabciyarmu a Aziziyya ta aiko mini da ɗaurin busasshen durm. Ina murza shi a tafin hannu, ƙamshin ya mayar da ni gidanmu na unguwar Bani Malik a Jidda. Idan ba ka san durm ba, ɗan tsiro ne mai shuɗin fure, ba ya fitowa sai a duwatsu masu sanyi irin na Shafa, sama da Ɗa'if.

Kakata, mahaifiyar babana, a gindin Jabal Marra aka haife ta, a Sudan. Takan ce a ƙwanƙolin dutsensu akwai tafki, furanni kewaye da shi har gwiwa. Mu da muka buɗe ido a Jidda, cikin gumi da iskar teku, tatsuniya muka ɗauke ta.

Baffana yana da motar ɗaukar kaya, yana sauko da 'ya'yan itace daga Ɗa'if. Sau ɗaya a shekara, bayan an yi ruwa a can, yakan kwashe mu mu hau. Akwai wani ɗan tafki tsakanin duwatsu inda muke shimfiɗa tabarma. Kwaɗi na kuka da rana tsaka, rema na shan hantsi a kan falalen dutse, makwarwa na tashi fir daga cikin ciyawa, gwaggon biri kuwa yana gefe yana harin burodinmu. A nan na fara ganin gajimare a ƙasa da ni.

Kaka ta ƙudura sai durm ya rayu a Jidda. Da cokali take haƙo shi, da saiwarsa da ƙasarsa, ta sa a gwangwanin madara. Na farko rana ta ƙone shi a saman bene. Na biyu ya ruɓe a inuwa. Na uku ta ajiye shi a tagar ɗakinta, ta bar masa na'urar sanyaya ɗaki a kunne, tana ba shi ruwan firji. Ita kuwa sanyi na tayar mata da ciwon gwiwa, sai ta kwashe shimfiɗarta ta koma falo.

Babana ya ce, "Inna, yanzu ciyawa ce ta kore ki daga ɗakinki?"

Ta ce, "Baƙo ne. Kai ma da ka zo garin nan, wani ne ya matsa maka."

Durm na ukun nan ya fi sauran daɗewa, amma bai yi fure ba, ganyensa ya soma zuba daga ƙasa. Wata safiya Kaka ta dube shi ta daɗe, sannan ta yafa mayafi ta aika a kira baffa ya kai ta dutsen.

Ya ce, "Halas, shi ke nan, Inna, jibi zan hau."

Ta ce, "Ba zai kai jibi ba. Tashi."

Inda hanyar mota ta ƙare, ta sauka da gwangwaninta a rungume. Kowa ya miƙa hannu ya karɓa, ta hana. Tana hawa tana zama, tana haki, har muka isa tafkin. Da cokalin nan ta haƙa rami, ta dasa shi, ta ɗora farin dutse a gefe. Ta ce, "Ni an tumɓuke ni, na kama. Ba kowa Allah ya yi wa haka ba."

Da shekara ta zagayo gwiwa ta hana ta hawa. Mu muka je, muka tarar da shi kusa da farin dutsen, ya yi shuɗi, ƙudan zuma na ta kai-kawo. Kan furen kaɗai muka tsinko mata. Ta shinshina, ta ce, "Saiwar fa?" Muka ce tana can. Ta gyaɗa kai.

Yau gidajen hutu sun hau dutsen, an ja waya a gefe ɗaya na tafkin, farin dutsen ma ban ƙara ganinsa ba. 'Ya'yana ina yi musu Hausa suna amsa mini da Larabci. Duk da haka kowace shekara sai na kai su, ko suna ƙunƙuni. Bara ƙaramar ta durƙusa za ta tuge wani durm, wai za ta kai gida. Na riƙe hannunta, na miƙa mata almakashi.